Malfar Jaji da Farantin Talla: Samarin Sawaba da Ilimin 'Ya Mace a Karkarar Kano

Ranar 8 ga watan Agusta 1950 wasu mutum takwas suka haɗu a Kano suka kafa jam'iyyar NEPU, wadda talakawa suka fi sani da jam'iyyar Sawaba. A cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Mudi Sipikin da Magaji Dambatta. Abin da ake yawan mantawa shi ne ƙuruciyarsu. Magaji Dambatta bai cika shekara 20 ba, Mudi Sipikin ma bai haura ta ba. Malam Aminu Kano, wanda ya ajiye aikin koyarwa a Maru a ƙarshen wannan shekara, daga baya kuma ya zama shugaban jam'iyyar a 1953, shekararsa 30. A ƙasar da ba a ɗaga murya gaban mai furfura, waɗannan samari suka tashi suna tuhumar hakimi da dagaci da alƙali a kan haraji da jangali da aikin tilas. Wannan ɓangare na tarihinsu an rubuta shi da yawa. Wanda bai sami irin wannan kulawa ba shi ne matsayinsu a kan 'ya mace: cewa a ilimantar da ita, a bar ta ta jefa ƙuri'a, a daina aurar da ita ba da yardarta ba.

Abokan hamayyarsu sun ce wannan magana baƙuwa ce, daga Ikko da London aka kwaso ta. Har yau akwai ɗalibai da malamai da ke riƙe da wannan zato, suna ganin duk wanda ya ɗaga batun haƙƙin 'ya mace ɗan saƙon Turawa ne. Tarihi bai goyi bayan zaton ba, kodayake bai wanke samarin Sawaba daga kowane kuskure ba.

Gadon da suka tarar

Tun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, yana yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, shekaru masu yawa kafin hijirar 1804, aka fara wannan gardama. Wani malami mai suna Mustafa Goni ya aika masa da baitoci yana sukarsa a kan barin mata su halarci majalisin wa'azi. Shehu ya umurci ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa, kuma Abdullahi ya adana labarin a Tazyinul Waraƙat. Hujjarsu ita ce ba su yarda da cakuɗuwa ba, suna ware wa mata wurinsu, amma barin mace cikin jahilcin abin da Allah ya wajabta mata ya fi fitowarta ɓarna. A Nurul Albab kuwa Shehu ya juya kan malamai 'yan'uwansa, waɗanda ke tara almajirai a zaure suna karantar da su safe da yamma, alhali matansu da 'ya'yansu mata na cikin gida ba su san hukuncin alwala ba. Ya lissafa wannan cikin munanan al'adun ƙasar Hausa.

'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ita ta mayar da wannan fatawa tsari. Matsalar da ta fuskanta a bayyane take. Matan ƙauye da yawa, musamman waɗanda yaƙi ya kwaso, sun shiga Musulunci da suna, bori kuma yana nan a ɗakunansu. Matar aure mai goyo ba za ta bar gidanta ta yi tafiyar kwanaki zuwa Sakkwato ba. Sai Asma'u ta dubi waɗanda al'ada ta bar wa ƙafa: 'yan mata da ba su isa aure ba, da dattijai mata da suka wuce haihuwa. Ta zaɓi masu hankali da riƙon amana daga cikin dattijan ta naɗa su jajoji, ta ɗora musu malfa da jan rawani, alamar da mutanen Gobir suka saba gani a kan Inna, shugabar masu bori. Jaji takan jagoranci ayarin 'yan mata da tsofaffi daga ƙauyensu zuwa wurin Asma'u, su koyi waƙoƙin da ta tsara a kan tauhidi da tsarki da salla da tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sunayen surorin Alƙur'ani, su koma su rera wa matan da ke kulle. Wannan ne tsarin 'Yan Taru. Darasin yana cikin waƙa ne domin mai daka da mai kaɗi su iya riƙe shi ba tare da allo ba.

Kano ma ta taɓa wannan gida kai tsaye. Maryam, ƙanwar Asma'u, ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846. Bayan rasuwarsa ta koma ƙasar Sakkwato, kuma ita ta riƙe ragamar 'Yan Taru bayan yayarta. Saboda haka ba daga nesa Kanawa suka ji labarin mace malama ba. Sun zauna da ita a gidan Dabo. Unguwannin malamai na cikin birni kuma ba su taɓa rasa mata masu karatu ba. Malam Aminu kansa a wurin mahaifiyarsa Rakiya ya fara karatun Alƙur'ani, mahaifinsa Malam Yusufu kuwa mufti ne a kotun alƙalin Kano. Wanda ya tashi a irin wannan gida ba ya bukatar Bature ya gaya masa cewa mace na iya karatu.

Yarinyar karkara

Abin tambaya shi ne me ya hana wannan gado isa ga 'yar manomi. Amsar tana cikin yadda ake rayuwa a karkarar da ta kewaye birnin, inda Bacirawa da maƙwabtanta suke ta arewa, ƙasar Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa. Wannan yanki ne mai cunkoson jama'a, gona na manne da gona, ba a barin saura. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi bincike a nan a shekarun 1960, ya bayyana yadda manomi ke noma fili ɗaya kowace damina ba hutu, yana rayar da shi da takin da jakuna ke kwasowa daga birni, jakunan kuma su koma da itace da hatsi. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta zama kuɗin haraji da na sutura.

A irin wannan wuri ne kulle ya kafu fiye da yadda ya kafu a wasu karkarun ƙasashen Musulmi da dama. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina, daga baya kuma ta yi bincike a Ɗorayi kusa da Kano, ta danganta haka da abubuwa na zahiri. Ruwa yana kusa, ana haƙa rijiya a tsakar gida, mace ba ta bukatar zuwa rafi. Jaki yana ɗaukar kayan da a wasu ƙasashe kan mace ake ɗora wa. Wasu masana sun ƙara da cewa bayan gushewar bauta, shiga gona ya zama alamar baiwa, sai matan talakawa suka guje shi domin neman mutunci. Ma'ana, kullen ƙauye ba daga wa'azin malamai kaɗai ya fito ba.

Sai dai matar kulle ba zaune take ba. Tana matsar man gyaɗa, tana toya ƙuli-ƙuli da ƙosai, tana dama fura, tana haɗa daddawa, tana kaɗi, tana sayar da hatsi da awo daga ɗakinta. Shari'a ta ba ta ikon mallakar dukiyarta, mijinta ba shi da hannu a ciki, kuma matan Hausawa sun riƙe wannan haƙƙi gam. Amma kasuwar da ke bayan danga tana bukatar ƙafa, ƙafar kuwa ita ce 'yarta. Yarinya 'yar shekara bakwai ko takwas ke ɗaukar faranti ta shiga gida-gida, ta tsaya a bakin kasuwa, ta sayo gishiri da kalwa, ta kai saƙo, ta kawo labari. Ribar tallan nan ita ake tarawa a sayi kwanuka da tasoshi da gado, wato kayan ɗakin da za a jera mata ranar da aka kai ta. Uwar da ta kai 'yarta ɗakin miji ba jere ta sha kunya a gaban dangin miji da kishiyoyi. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin yaran Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa sana'ar matan kulle ta rataya ne a wuyan waɗannan yara.

A nan ne za a ga abin da ya bambanta zamanin Asma'u da na bayanta. Yarinyar da Asma'u ta zaɓa ta ɗauko ilimi ta kai wa uwarta, ita ce dai wadda ke ɗauke da farantin talla. 'Yan Taru ba su raba ta da uwar ba. Sukan ɗauke ta na ɗan lokaci, su mayar da ita da abin da uwar ma za ta amfana. Makarantar boko kuwa ta nemi safiyar yarinya gaba ɗaya, kwana biyar ko shida a mako, shekara da shekaru, ba ta kuma mayar wa uwar da komai ba.

Gwamnatin Turawa ma ba ta matsa ba. Kano ta faɗa hannunsu a 1903, Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa ta 'ya'ya maza a Nasarawa a 1909, amma sai a 1930 aka buɗe wa 'yan mata makaranta a Kano da Katsina. Waɗanda aka fara ɗauka 'ya'yan fada ne da na bayin sarki da ma'aikatan En'e, abin da aka fi koya musu kuwa tsafta da ɗinki da renon yara. Inda aka nemi 'yan mata daga ƙauye, ta hannun dagaci aka nema, kamar yadda ake neman haraji, don haka talaka ya lissafa makarantar cikin masifun da ake kauce wa, ko da da toshiyar baki.

Hujjar samarin

Malam Aminu ya fahimci cewa ba za a ci wannan gardama da harshen boko ba. Ya karanta littattafan Shehu da na Abdullahi, ya zauna da Malam Sa'adu Zungur a Bauci, wanda shi ma gogaggen malamin Arabiyya ne kuma mai kaifin harshe a kan bidi'o'in sarauta. Hanyarsu ita ce su ɗauko ma'aunin masu jihadi su auna jikokin masu jihadi da shi. Idan Shehu ya soki sarakunan Haɓe a kan zalunci da karɓar abin da Shari'a ba ta sa ba, to me ya halatta wa magadansa? Idan ya soki malamin da ya bar matarsa cikin duhu, me ya sa za a kira mai maimaita sukar kafiri? Wannan ya sa ya yi wuya a kore su da fatawa ɗaya. A farkon shekarun 1950 Malam Aminu da abokansa suka fara buɗe makarantun Islamiyya, masu aji da allon bango da manhaja, ana koyar da Alƙur'ani da fiƙihu da Larabci da lissafi, ana kuma karɓar 'yan mata. Hukumar En'e ta ɗauke su sheƙar 'yan adawa, ta takura musu.

Wanda ya fi fito da maganar fili a rubuce shi ne Malam Isa Wali, ɗan gidan malamai na Kano. A 1956, yana ɗan shekara 28, ya buga maƙaloli a jaridar Nigerian Citizen a kan matsayin mace a Musulunci, inda ya kafa hujja da ayoyi da hadisai da tarihin matan Sahabbai cewa tsananin kulle da hana ilimi da wasa da saki da tara mata ba tare da adalci ba al'ada ce da aka lulluɓe da rigar addini. Maganar ta tayar da ƙura, malamai da dama suka yi masa raddi mai zafi. Ba kowace fassara tasa ce malaman Malikiyya za su sa wa hannu ba, kuma akwai wuraren da raddin ya fi hujjarsa ƙarfi. Babban rauninsa dai shi ne harshe. Da Turanci ya rubuta, a jaridar da ma'aikata ke karantawa. Asma'u ta rubuta da Larabci domin malamai, da Fulatanci domin danginta, da Hausa domin talakawa, ta kuma sa a waƙa. Muhawarar 1956 ta tsaya tsakanin maza masu ilimi, matan da ake yi dominsu ba su ji ta ba.

Wadda ta kai maganar cikin gidaje ita ce Hajiya Gambo Sawaba. An haife ta a 1933, ta tashi a Zariya, mahaifinta mutumin Gana ne, mahaifiyarta Banufiya. Ta yi maraici da wuri, karatunta bai wuce firamare ba, an aurar da ita tana 'yar shekara 13. Abin da take yaƙa ta ɗanɗana shi da kanta. Ta shiga NEPU tana da shekara 17, ta zama shugabar mata, ta je Abekuta ta ga Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta jagoranci matan Egba a kan harajin mata. Da ta zo Kano sai ta bi hanyar da jaji za ta gane: ta shiga gida-gida tana magana da matan kulle a tsakar gidajensu, inda namiji ɗan siyasa ba ya shiga. Aka kama ta tare da ɗimbin mata bisa laifin taro ba izini, aka gurfanar da su gaban alƙali, aka ɗaure, daga baya aka kore ta daga Kano. Ana lissafa cewa an ɗaure ta sau 16 a rayuwarta. Ta sha duka a hannun 'yan banga, an aske mata kai.

Akwai abin da ya kamata a faɗa ba tare da kwana-kwana ba. A wancan zamani mace mai aure ba ta fita taron siyasa, saboda haka rassan mata na jam'iyyu, na NEPU da na NPC baki ɗaya, sun dogara ƙwarai ga zawarawa da mata masu zaman kansu. Abokan hamayya suka riƙe wannan suka shafa wa duk macen da ta fito baƙin fenti. Jaji tana da malfa, kuma 'yar Shehu ce ta ɗora mata, don haka miji a ƙauye yana sakin 'yarsa ta bi ta hankalinsa kwance. Gambo ba ta da mai ɗora mata malfa. Malaman da ke da ikon ba ta wannan inuwa, mafi yawansu suna tare da fada, ko sun yi shiru. Wannan shiru ya jawo wa 'ya mace asarar shekaru. Matan kudancin Nijeriya sun jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya na 1959, na Arewa kuwa sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, sannan tsarin mulkin 1979 ya tabbatar musu. Da ranar ta zo, matan Kano suka fito da lulluɓinsu suka yi dogayen layuka, jam'iyyar PRP ta Malam Aminu ta ci jihar.

Abin da ya isa ƙauye

Daga 1976 abubuwa suka zo a jere. A watan Satumba na shekarar aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka gina azuzuwa a ƙauyukan da ba su taɓa ganin makaranta ba, kodayake malaman da aka tura da yawansu ba su ƙware ba. Gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi, wadda ta hau a 1979, ta soke haraji da jangali, ta kafa hukumar yaƙi da jahilci a 1980, aka buɗe azuzuwan matan aure, har hukumar UNESCO ta yaba da aikin. A 1981 aka buɗe makarantar sakandaren kimiyya ta 'yan mata a Taura, bayan na maza da aka fara a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977. Malam Aminu kansa ya riƙa karantar da mata a gidansa na Gwammaja. A takararsa ta shugaban ƙasa ta 1983 mace ya ɗauka mataimakiya, Bola Ogunbo, amma ya rasu ranar 17 ga Afrilu kafin zaɓen.

Duk da haka, abin da ya fi ratsa gidajen karkara ba firamare ba ne, Islamiyya ce, wato abin nan da En'e ta tsangwama. Ƙungiyar Izala, da aka kafa a Jos a 1978, ta buɗe makarantun matan aure, ta sha suka a kan fitar da mata irin sukar da Mustafa Goni ya yi wa Shehu. Ƙadirawa da Tijjanawa, waɗanda dama suna da mata masu karatu da muƙaddamai mata a Kano, suka faɗaɗa nasu. Gasar da ke tsakanin ɓangarorin, duk da ɗacin da ta haifar a masallatai, ta amfani 'ya mace, domin kowane ɓangare yana tsoron ɗayan ya riga shi zuwa ga iyayen gobe. A 1985 aka kafa FOMWAN a Minna ƙarƙashin Hajiya A'isha Lemu, matan Musulmi masu ilimin zamani suka sami inuwar da za su yi magana da sunan addininsu, kuma suna ambaton Nana Asma'u a matsayin uwa.

Dalilin nasarar Islamiyya a ƙauye yana da alaƙa da lokaci da kuma amana. Ana yin ta da yamma ko bayan magariba, ko ranakun Asabar da Lahadi, lokacin da an sayar da ƙosai an dawo da faranti. Malamar sananniya ce, 'yar unguwa. Hijabi ya zame wa ɗaliba abin da malfa ta zame wa jaji, wato shaidar da ke buɗe mata hanya ba tare da an zarge ta ba. Uwa da 'ya kuma sukan zauna aji ɗaya ko makaranta ɗaya, su dawo suna bitar Ahalari da Ishmawi da Arba'una Hadisi tare. Ta wannan hanya mata da yawa a ƙasar Ungogo da Minjibir suka fara karanta Alƙur'ani da tajwidi, suka san abin da Shari'a ta ba su na gado da sadaki da ciyarwa, har wasu suka iya tsayawa gaban alƙali su nemi haƙƙinsu da bakinsu.

Amma tsarin da ya dace da talla bai taɓa tallan ba. Ungozoma da malamar asibiti da likitar mata, waɗanda mijin karkara ke nema ruwa a jallo ranar da naƙuda ta tsananta domin ba ya son namiji ya duba iyalinsa, ba sa fitowa daga ajin bayan magariba. Suna fitowa ne daga ajin safe, wanda ke bukatar shekara 12 kafin a kai ga kwaleji, kuma a cikin waɗannan shekaru ne ake tara kayan ɗaki a ɗaura aure. Samarin Sawaba sun yi magana a kan haraji da ƙuri'a da makaranta, malaman Islamiyya sun yi a kan tsarki da salla da hijabi. Kuɗin jere, wanda al'ada ta ɗora wa uwa alhali Shari'a ba ta wajabta mata shi ba, bai sami mai ɗaukarsa da irin wannan himma ba a kowane ɓangare. A 2019 gwamnatin Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole. Birni ya miƙe ya haɗiye gonaki da yawa ta hanyar Katsina da ta Ɗambatta, kayan ɗaki sun tashi daga kwanuka da tasoshi sun koma gado da kujeru da firji, kuma da hantsi, a lokacin da ake kiran suna a aji, ana ganin 'yan mata da hijabin Islamiyya a bakin titi, ɗauke da farantin gyaɗa da awara.